Gurbin Yaya

Tana tsakiyar nuna wa 'yan aji biyar sassan fure aka turo ƙofar ɗakin gwaje-gwaje ba ko sallama. Wata doguwar ɗaliba ce, yatsunta baƙi ƙirin da gawayi, tana haki.

"Malama, ki zo. Malam ya faɗi."

Ba ta tsaya tambayar wane malam ba. Malami ɗaya ne a makarantar ɗalibansa ke yawo da gawayi a hannu, malamin zane, kuma shi ne yayanta uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yar da furen ta bi yarinyar da gudu. Suka ratsa filin taro, suka bi ta bayan ɗakin karatu har ɗakin nan na can ƙarshe kusa da tankin ruwa. Ta same shi kwance tsakanin tebura, yara sun zagaye shi, wani na yi masa fifita da kwali. Idonsa biyu, yana kallonta sarai, amma bakinsa ya karkace, hannunsa na dama kuma yana yashe a ƙasa kamar ba nasa ba.

"Yaya," ta ce. "Yaya, ni ce."

Ya motsa baki, babu abin da ya fito.

A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya kayar da shi, ya sami shanyewar ɓarin jiki. Rai dai ya tsira. Ƙafar za ta iya dawowa in an dage da gashi. Da aka tambaye shi batun hannu da magana, sai ya ce a ci gaba da addu'a. Ranar da aka sallame shi, 'yan kalmomi ne suka biyo shi gida: "to", da "a'a", da "ruwa", sai kuma "ba haka ba", wadda yake faɗa ko da hakan ne.

A gida Auta ake ce mata, don daga kanta mahaifiyarsu ba ta sake haihuwa ba. Yaya ne ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai ta makaranta, shi kuma ya riƙa zana mata hanta da huhu da ƙoda lokacin tana kwalejin horon malamai, don ita ko da'ira ba ta iya rufewa daidai. A makaranta kuwa yara Malama Kwaɗo suke ce mata a bayan idonta, saboda kowace shekara sai ta feɗe kwaɗo a gabansu. Shi kuma Malam Sake, don bai taɓa ce wa yaro zanenka ya yi ko bai yi ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Sake dubawa."

Lokacin da ya fara aiki su uku ne masu koyar da zane da ƙira. Akwai wani dattijo mai koyar da ginin yumɓu, da wata mata mai koyar da tsara zanen yadi, sai shi. Dattijon ya yi ritaya, ba a kawo wani ba. Matar aka canza mata wurin aiki, ba a kawo wata ba. Darasin da a da ake haɗa biyu a jere, don yara su sami damar dama fenti su kuma wanke buroshi, ya koma ɗaya, shi ma aka tura shi ƙarshen yini, lokacin da yunwa ta gama da yara. Yakan ce kafin su gama fiƙe fensir an kaɗa ƙararrawa. Bai taɓa kai kuka ofis ba. Sai dai ya riƙa barin ɗakin a buɗe lokacin hutun cin abinci, shi kuma ya ci burodinsa a tsaye.

Da aka ga jinyar za ta yi tsawo, shugabar makaranta ta kira taron malamai. Mataimakinta, wanda shi ke tsara jadawali, ya tsaya gaban babban allon da yake maƙala katuna kala-kala, kowace kala da darasinta. Na zane ruwan ɗorawa ne, kuma sun zama 'yan tsiraru a can gefen dama.

Shugaba ta ce, "Na je ma'aikatar ilimi. Sun ce ba za su turo kowa ba, don a wurinsu gurbin da mai shi, yana hutun jinya ne. Kuma ko da babu kowa a kai, wa za su turo? Sun ce duk yankin nan malaman zane ba su cika yatsun hannu ɗaya ba."

Malamin lissafi ya gyara zama. "Ranki ya daɗe, Allah ya ba shi lafiya, amma yara ba za su zauna haka ba. Kullum a lissafi ake kayar mana da su. A ba ni awannin nan, ni ina da abin yi da su."

Malamin Turanci ya ce shi ma yana so. Mataimaki ya cire tabarau ya murza ido.

"Ni fa ba ƙin zane nake ba," in ji shi. "Amma awa ba ta haihuwa. In na ba wani, wani na ƙwace wa."

"'Yan ajin ƙarshe fa?" Auta ce ta tambaya. "Su takwas sun riga sun yi rajistar jarrabawar zane."

"Sai su riƙa zama a ɗakin karatu, su yi abin da za su iya."

"Ni zan riƙe su."

Maganar ta fito kafin ta auna ta. Aka juyo ana kallonta. Malamin lissafi ya yi ƙoƙarin danne dariya, ya kasa.

"Haba Malama. Kwaɗon da kike zanawa a allo ma sai kin rubuta sunansa a ƙasa ake gane shi."

Aka yi dariya, har da ita, don gaskiya ya faɗa. Shugaba ce kawai ba ta yi ba. Ta ce, "Ki sani ba zan rage miki ko darasi ɗaya daga naki ba."

"Na sani, ranki ya daɗe."

A nan aka raba awannin ƙananan azuzuwa tsakanin lissafi da Turanci. Mataimaki ya zare katunan ruwan ɗorawa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihun rigarsa, ya bar na ajin ƙarshe kawai.

Ɗakin yana nan yadda Yaya ya bar shi. Warin fenti da na jiƙaƙƙen yumɓu, gwangwanayen madara cike da buroshi, rigar aikinsa rataye a ƙusa bayan ƙofa. Yaran suka miƙe suka gaishe ta, kowa na satar kallon wurin da ya faɗi. Ta riga ta karanta manhaja, ta ga jarrabawar kashi biyu ce: za a ajiye musu kaya a tebur su zana abin da suka gani, sannan a ba su take su tsara fosta da fenti. Don haka ta ɗauko buta da kwalba da wani tsohon takalmi daga kan kanta, ta jera su a tebur reras yadda take jera kayan gwaji.

Akwai wani yaro a cikinsu da ake kira Aku saboda bakinsa ba ya hutawa. Shi ya fara magana.

"Malama, ai sun yi layi kamar masu jiran allura."

Doguwar yarinyar nan da ta kira ta ranar, wadda kowa ke ce wa Doguwa, ta tashi. Ta kwantar da kwalbar, ta turo takalmin gaban butar har ya ɗan kare ta, ta je ta rufe tagogin gefe ɗaya don haske ya shigo ta wuri guda. Sannan ta ce, "Haka Malam yake yi."

Auta ta zauna a kujerarsa ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Babu abin da ake ji sai ƙaran gawayi a kan takarda. Da aka kaɗa ƙararrawa suka kawo mata, ta duba ɗaya bayan ɗaya, duk a idonta sun yi kyau. Ta ce, "Kai, madalla, kun yi ƙoƙari." Sai ta ga fuskokinsu sun faɗi. Suka yi godiya irin wadda ake yi wa baƙon da ya kawo tsarabar da ba a buƙata. Ta fahimci yabonta ba shi da wani amfani a wurinsu.

Ta tattara takardun ta ce, "Zan kai masa."

Matar Yaya tela ce, Auta tana ce mata Anti. Tun da aka sallamo shi ta rufe shagonta ta dawo da keken ɗinki falo, don ta riƙa aiki idonta na kansa. Yana zaune a kujera kusa da taga, an tokare masa hannun dama da matashi. Auta ta ɗora masa faranti a cinya ta shimfiɗa zanen farko a kai.

Ya daɗe yana kallo. Wani abu ya motsa a fuskarsa wanda ba ta gani ba tun ranar da ya faɗi. Ya ɗaga yatsan hagu ya ƙwanƙwasa takardar.

"Ba haka ba."

"Mene ne ba haka ba, Yaya? Butar ce ta yi girma?"

"A'a."

"Takalmin?"

"A'a. Ba haka ba." Ya sake ƙwanƙwasa wurin, da ƙarfi wannan karon.

Ta ga ba za ta gane ba, sai ta ɗauki fensir ta ɗiga ɗan ɗigo a daidai inda yatsansa ya sauka. Haka suka bi zanen duka, yana nunawa tana ɗigawa.

Da ta mayar musu, ta ce, "Ni dai ban san me yake nufi ba. Ga inda ya taɓa." Doguwa ta dubi ɗigon da ke gindin butarta, ta dafe kai.

"Wayyo, ban zaunar da ita ba. Babu inuwa a ƙasanta, shawagi take yi."

Aku ya miƙe, ya goya hannu a baya, ya karkata kai, ya sauya murya. "Ke, wannan buta ce ko jirgin sama? Ina fasinjojin? Sake dubawa!"

Ajin ya fashe da dariya, sannan dariyar ta mutu gaba ɗaya. Doguwa ta goge ido da bayan hannu ta bar baƙin gawayi a kumatu. Auta kuwa tsaye ta yi. Muryar Yaya ce sak, amma ba Yayan da ta sani ba. Ita ta tashi a hannun mutum mai shiru, wanda in ya ce "zo nan" sai gabanta ya faɗi. Ashe a ɗakin nan har barkwanci yake yi. Daga ranar ta riƙa jan Aku da hira don kawai ya kwaikwayo shi.

Haka abin ya ci gaba. Duk ƙarshen mako ta naɗe takardu ta shiga motar haya zuwa gidan Yaya, ranar dawowa makaranta ta kawo su da ɗige-ɗige, yara su fassara. Wani ɗigon sai sun yi gardama kafin su yarda da ma'anarsa. Littattafan ɗalibanta na kimiyya suka fara taruwa a kan tebur ba ta duba ba. Mataimaki ya tare ta a baranda ya ce wasu iyaye sun fara ƙorafi, ya faɗa a hankali, ba da faɗa ba. A gida maigidanta, ma'aikacin gidan ruwa, mutum mai haƙuri, ya ce, "Ni dai malamar kimiyya na aura, yanzu ga shi har a zanin gado ina tsintar gawayi." Ya faɗa yana dariya, amma shi ke kai yaransu wurin kakarsu duk ƙarshen mako. Ita dai ba ta ji gajiyar ba. A ranta, zanen nan da take kaiwa shi ne igiyar da ke riƙe da Yaya.

Bayan an shiga zango na biyu shugaba ta kira ta ofis, ta sa ta rufe ƙofa.

"Likitocin ma'aikata sun gama dubawa. Sun ce ba zai koma aji ba. An ba shi zaɓi, ko ya ci gaba da hutun jinya ana duba shi wata-wata har wa'adi ya cika, ko ya yi ritaya yanzu. An aika masa da takardar gida." Ta sassauta murya. "Zan faɗa miki abin da ba su rubuta ba. Ranar da ya ajiye aiki gurbin ya tafi. Ba cike shi za su yi ba, soke shi za su yi. Ɗalibai takwas ba sa riƙe gurbi. Muddin sunansa na nan, ina da hujjar barin zane a jadawali. In babu, ba ni da abin faɗa."

Auta ta fito da ƙudurin cewa ba zai sa hannu ba.

Da ta isa gidan a ƙarshen makon, Anti ta tare ta tun daga ƙofa. "Ajiye takardun nan tukuna, zo ki taya ni wanke-wanke."

A kicin babu wasu kwanuka masu yawa. Anti ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

"Anti, kada ki bari ya sa hannu," Auta ta riga ta. "In ya sa, shi ke nan, an rufe zane a makarantar. Abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai."

"To ni ce zan riƙe wa makaranta kujera? Duk wata sai na sa shi a tasi na kai shi gaban mutanen nan, su ɗaga hannunsa su saki su ga ko zai faɗi. Su nuna masa cokali su ce mene ne wannan. Kin taɓa ganin fuskarsa in suna yi?"

"Na san da wuya. Amma zanen nan shi ke riƙe da shi. Ai kina ganin yadda yake in na kawo."

"Ina ganin yadda yake in kin kawo. Ke ce ba kya ganin yadda yake in kin tafi."

Auta ta tsaya da kofi a hannu.

"Ranar ba ya cin abinci," in ji Anti. "Makon jiya kina fita ya yi ta nuni sai da na ba shi fensir da takarda. So yake ya zana wa yarinyar nan yadda hannun buta yake lanƙwasa, tun da bakinsa ya ƙi faɗa. Ya yi ta fama da hagu, layin na tafiya kamar tsutsa. Ya danna fensirin a hannun kujera sai da ya karye, ya juya fuska bango. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da muka rasa ɗanmu na fari. Ni na share masa, ba ke ba."

"Me ya hana ki faɗa mini tuntuni?"

"Shi ya hana. Ai ya iya a'a."

Kunya da baƙin ciki suka kama Auta, sai ta ce, "Ke dai ki ce kin gaji da jinya."

Anti ta rufe famfon. Ta dube ta ido cikin ido. "Eh, na gaji, Auta. Ban ɓoye wa kowa ba. Ni ke ɗaga shi, ni ke yi masa wanka. Amma ba don gajiyata nake wannan maganar ba, kuma kin sani."

Sai suka ji ana buga ƙasa daga falo. Yaya ne da sandarsa. Tsakanin kicin da falo labule ne kawai, duk ya ji. Suka fito suka tsaya gabansa kamar yaran da aka kama suna dambe. Ya nuna saman kabad da sandar. Anti ta ɗauko takardar ma'aikata ta ɗora masa a faranti, ta sa masa biro a hannun hagu.

Auta ta durƙusa gefen kujerar. "Yaya, ka bari zuwa ƙarshen shekara mana. Ni ban gaji ba, wallahi ban gaji ba."

Ya ajiye biron ya kama hannunta, ya juya shi yana kallon baƙin da ya maƙale mata a farce. Bakinsa ya yi ta kokawa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Au... ta."

Karo na farko ke nan da ya kira ta tun da ya kwanta. Ya numfasa, ya sake tattara ƙarfi.

"Ya... isa."

Auta da kanta ta danne masa takardar don kada ta zame. Shi ne wanda shekara da shekaru ake kai wa takardun shaidar kammala makaranta ya rubuta sunayen yara saboda kyan rubutunsa. Yanzu sa hannun ya hau layi ya gangaro ya karkace. Da ya gama ya jingina ya lumshe ido. Ranar ta koma gida da zanen a naɗe yadda ta zo da su.

Ta faɗa wa yaran gaskiya. "Malam ya yi ritaya. Ba zan ƙara kai masa zanenku ba, abin yana wahalar da shi."

Aku ya ce, a muryarsa ta kansa, "To wa zai riƙa duba mana?"

"Ni da ku."

Ta fara manna zanen duka a bango bayan kowane darasi, su tsaya tare suna kallo, kowa ya faɗi abin da ya gani. Da farko ita saurare kawai take yi. Wata rana ta daɗe a gaban zanen Aku, wani abu na damunta game da kwalbarsa, ta rasa ko mene ne. Ta je ta zauna a kujerarsa ta dubi kwalbar da ke tebur, ta dawo.

"Bakin kwalbar nan, ka yi shi da'ira cikakkiya. Daga inda kake zaune haka ka gan shi, ko haka ka san shi?"

Aku ya je ya zauna ya duba. Ya sosa ƙeya. "Haka na san shi, Malama."

Wannan kuskuren ta san shi farin sani. Kullum a ɗakin gwaje-gwaje sai ta sami yaron da zai leƙa madubin ƙara girma sannan ya zana abin da ya haddace a littafi. A wannan fannin ta iya taimaka musu, kuma ta yi. Amma batun fosta ya fi ƙarfinta. Ba ta san kalar da ke zama lafiya kusa da wata ba, ba ta san yadda ake tsara haruffa su cika fili ba. Ta karanta abin da ta samu, ta tambayi wanda ta iya tambaya, suka yi ta ɓarnar fenti. Darasi ɗaya kuma ba ya isa a dama kala a shafa ta bushe. Sau da yawa ƙararrawa kan same su da fosta jiƙe, su bar ta a kan tebur su ruga darasin lissafi.

Ranar jarrabawa wata dattijuwa mai furfura ce aka turo daga wani gari ta sa ido. Tana shiga ɗakin ta tsaya ta shaƙi iskar, ta tambayi ina mai ɗakin. Ashe tare suka yi kwaleji da Yaya. Da Auta ta ba ta labari, ta zauna a bakin tebur.

"Ni makarantu uku nake zagayawa yanzu," ta ce daga baya. "Kuma baɗi zan ajiye. Sashen da ya horar da mu ma ya daina ɗaukar ɗalibai, wai babu masu nema. To wa zai nema, bai taɓa riƙe buroshi a sakandare ba?" Ta miƙe ta fara fito da kayan da za a zana daga jakarta. "Ki gaishe shi. Ki ce mai aron kilinarsa ta goge fensir ba ta mayarwa tana gaishe shi."

Sakamako ya fito ana dab da komawa sabuwar shekarar karatu. Biyar sun ci, Doguwa ta fi kowa. Uku sun faɗi, kuma duk a fosta suka faɗi, har da Aku.

A sabon jadawali babu zane a manyan azuzuwa. Ƙanana an ba su darasi ɗaya da aka haɗa zane da kiɗa da aikin hannu a ciki, aka miƙa wa malamin motsa jiki don shi ke da sarari, shi kuma yakan fita da su fili. Ɗakin aka ce za a zuba kwamfutoci. Ranar kwashe kaya mataimaki da kansa ya naɗe hannun riga ya zo taya ta. Suna sauke kayan yumɓu daga kan kanta ya ɗaga wani ɗan tsuntsu mai karyayyen fiffike, ya juya gindinsa, ya ga sunan 'yarsa da ta gama makarantar tun tuni. Ya tsaya riƙe da shi.

"Na nemi inda zan saka zane a jadawali, Malama. Allah ya sani na nema."

"Na sani, Malam."

Ya sa tsuntsun a aljihu. Ita kuma ta kwashe ragowar fenti da buroshi ta kulle a kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje, ba don ta san abin da za ta yi da su ba.

A ƙarshen makon ta je gidan Yaya da lemo da ayaba a leda. Anti ta karɓa ta ce, "Kin rame," ta tura mata kujera da ƙafa, ta koma kan kekenta. Tun ranar kicin ba su sake tayar da maganar ba, kuma ba su fasa gaisawa ba.

Yaya ya yi ɗan kumari, an yi masa aski. Ya dube ta, ya ɗaga hannun hagu sama can, alamar tsawo.

"Ta ci, Yaya. Ita ce ta ɗaya."

"To," ya ce. Sai ya haɗa yatsu yana buɗewa yana rufewa kamar bakin tsuntsu.

Ta sunkuyar da kai. "Bai ci ba. A fosta ya faɗi. Ban iya koya musu ita ba."

"A'a," ya ce, ya girgiza kai. Ya daɗe yana kallon taga. Bai tambayi ɗakin ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta ba shi saƙon dattijuwar nan mai aron kilina, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga, har wani sauti ya fito mai kama da dariya. Ta ɓare masa lemo ya ci da kansa, ruwan na gangarowa ta haɓarsa, ta bar shi ya goge da kansa.

Da rana ta yi sanyi ta ce za ta tafi, tana da littattafan dubawa. Sai ya jawo sandarsa ya dafa hannun kujera. Ta yunƙura za ta kama shi, Anti ta ce daga kan keke, "Ƙyale shi, kwanan nan ya fara." Ya miƙe da ƙyar, ya tsaya sai da jikinsa ya daidaita, sannan ya fara takawa yana jan ƙafar dama. Ta bi gefensa a hankali, suka wuce labule, suka bi ɗan siririn barandar har bakin ƙofar gida. A nan ya jingina da bango yana mayar da numfashi, yana kallon masu wucewa a titi.

"Sai wani makon, Yaya. Zan zo da 'ya'yana."

"To."

Ta tsallaka titi ta tsaya inda ake jiran mota. Motar farko ta zo cike, ta bar ta ta wuce. Yana nan tsaye a ƙofar har ta biyun ta zo, ta shiga.